Igiyar da Hannun Kawu Bai Kai Ba

Ranar da aka fito da Kawu daga ruwa, abin da na fara ji da na shiga gidansa na garin Largo, a nan Amurka, ƙarar guduma ce. Falo cike yake, takalma sun tare bakin ƙofa, kowa na ta inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, amma ƙarar ta danne muryoyin. Daga gareji take fitowa. Taubashiyata ce, 'yar Kawu tilo, ta sami guduma ta faɗa wa kayan nutsonsa da suka rage a gida. Ta farfasa gilashin da yake sawa a ido, ta yayyage rigar roba da almakashi, sannan ta koma kan wani tulun iska na ƙarfe tana jibga. Mijinta ya shigo da laka a takalminsa, dawowarsa ke nan daga bakin ruwan, ya riƙe mata hannu yana ce mata akwai iska a ciki, zai iya fashewa da ita. Ta juyo ta sharara masa mari a gaban jama'a.

A ƙasar nan aka haife ta, ko ka yi mata Hausa da Turanci take amsa ka. Ranar da Hausa ta yi magana.

"Ina kake? Kai ne abokin nutsonsa. Ina kake?"

Ta ce ya sake ta, ya ba ta takardarta, kuma ta faɗa sau uku don kowa ya ji. Mata suka janye ta zuwa sama, shi kuma ya tsuguna yana tsince fasassun gilashi da hannu.

A falo 'yan gaisuwa sun ci gaba da abin da suka zo yi. Wani ya ce kwana ne ya ƙare. Wata ta sunkuyo ta tambayi ta kusa da ita wa ya aiki dattijo mai furfura shiga ƙarƙashin ruwa don nishaɗi, kamar Bature. Wani likita da ko kwata bai taɓa tsallakawa ba ya yi mana bayanin huhu. Har 'yan ruwa an ambata, a ƙasa-ƙasa. Aminin Kawu, wanda muke kira Baba na Gaithersburg, tsohon mai karanta labarai a sashen Hausa na wani gidan rediyo, ya sa muryar nan tasa ta aiki ya ce marigayi mutum ne mai haƙuri da sanyin hali. Na kusa yin dariya. Kawu bai taɓa yin sanyin hali ba ko na rana ɗaya, kuma in aka bar 'yan gaisuwa da shi, nan da shekara za su mayar da shi wani salihin tsoho da ban sani ba. Shi ya sa nake wannan rubutun, da haushinsa a cikina da kewarsa, duka biyun.

Wan mahaifiyata ne, ɗan Yawuri, gidan masunta. Karatu ya kawo shi Amurka, ya zama injiniyan gadoji, ya yi shekaru yana wa gunduma aiki. A hannunsa na zauna da na zo. Mutum ne gajere mai faɗin ƙirji, muryarsa kamar ana jan benci. In ka shiga motarsa sai ya kama bel ɗin da ka ɗaura ya fizga da ƙarfi, har haƙarƙarinka ya ji, sannan ya tayar da mota. Haka yake wa kowa, har matarsa, da muke ce wa Inna. In ka yi ƙorafi ya ce ai kai ba ka ganin kanka, shi ke ganinka.

Akwai wani haƙori nawa na gaba da ya guntule, aikin Kawu ne. Wata Sallah ƙarama ta faɗo a bazara, muka tafi bakin ruwan Chesapeake cin abinci da iyalai. Ni da ruwa ba ma ga maciji, amma taubashiyata ta yi ta tsokana ta, wai jinin masunta ya tsallake ni, sai na tuɓe na shiga don in rufe mata baki. Ƙasa ta ɓace a ƙarƙashin ƙafata. Na sha ruwa, na taso, na sake nutsewa. Da Kawu ya iso na ƙanƙame wuyansa da hannu biyu, muka yi ƙasa tare. Bai tsaya lallashi ba. Ya zare hannu ɗaya ya naushe ni a baki, na sake shi, ya juya ni ya jawo ni ta hammata har gaɓa. Ina kwance ina amai da jini, ya tsaya a kaina yana zagi, ya ce haka ake ceto a gidansu, mai nutsewa ba a masa ladabi. Da yamma ya kai ni wurin likitan haƙori, ya zauna a gefena yana riƙe da ƙafata kamar yaron da za a yi wa kaciya. Washegari ya sayo mini kaza sukutum, alhali ko burodi ba na iya taunawa.

Nutso da tulun iska a nan ya koya, bayan ya haura hamsin. Ya ce a gida numfashi ɗaya mutum ke da shi a ƙarƙashin ruwa, a nan kuma an zuba masa numfashi a tulu an goya masa, to shi ba zai mutu bai ga abin da kakanninsa suka yi ta leƙe suna fitowa ba. Akwai wani tsohon ramin fasa dutse a Virginia da ruwa ya cika, an nutsar da tsofaffin motoci a ciki, har da wata bas, don masu nutso su sami abin kallo. Ruwa ne mai sanyi mai duhu. Can yake zuwa kusan kowace Asabar in ba ƙanƙara ta hana ba. Kuma a kan doka ɗaya ba ya wasa: ba a shiga sai da aboki. Kafin a shiga, kowa ya duba ɗan'uwansa, ya taɓa kowace maɗauri, ya buɗe masa iska, ya shaƙi bututun numfashinsa na ko-ta-kwana ya tabbata yana aiki. Kawu ya kan ce gaban mutum nasa ne, amma bayansa na abokinsa ne, don bakin tulun yana daidai ƙeya, inda ido ba ya gani kuma hannu ba ya kaiwa sosai.

A kan dokar nan ya haɗu da wanda ya zama surukinsa. Wani saurayi ne Bakano mai aiki a ɗakin magani na asibiti, sabon shiga nutso. Ranar ya baro abokin da aka haɗa shi da shi a ƙasa, ya taso shi kaɗai don sanyi ya dame shi. Kawu bai san shi ba, bai ma san Bahaushe ba ne. Ya bi shi har wurin ajiye motoci, ya shaƙo wuyan rigarsa ta roba ya maka shi da jikin mota, yana zazzaga masa Turancinsa na Yawuri. Yaron ya firgita ya ce wayyo Allah. Kawu ya tsaya cak, ya tambaye shi ɗan ina ne, sannan ya ci gaba da zagin da Hausa. Ranar tare suka dawo gida cin tuwo.

Shekaru suka yi suna shiga ruwa tare. Mota ɗaya, kwano ɗaya, su tuɓe su sa rigar roba a bayan mota ɗaya, wannan ya ja wa wancan zif. Wata rana bututun Kawu ya ƙi ba da iska suna can ƙasa. Yaron ya cire na bakinsa ya cusa masa, suka taso suna karɓa-karɓa. Kawu ya yi wata guda yana ba da labarin, ko ba a tambaye shi ba. Ya kan nuna shi a gaban baƙi ya ce numfashin yaron nan ya sha, da bakinsa.

To, yawan zuwa cin tuwo ya haifi abin da yake haifarwa. Yaron ya ga taubashiyata, ita ma ta gan shi. Babu wanda ya kai Kawu murna. Aka ɗaura aure a masallaci, aka yi walima a wani zaure a Gaithersburg, Kawu ya yi rawa har hularsa ta faɗi.

Asabar ɗin da ta biyo bayan biki, ango ya zo da sassafe da kayansa a bayan mota kamar kullum. Kawu ya leƙa ta taga, ya koma ya zauna. Ya aiki Inna ta ce masa ya tafi, yau ba za a je ba. Da motar ta bar unguwa sai ya loda nasa kayan ya kama hanya.

Tun daga ranar ya daina faɗin sunansa, sai dai ya ce mai gidan su wance. Ya daina cin abinci in yana falo. Shi ma yaron, da tarbiyyar gida, ya koma tsugunawa daga nesa in zai gaishe shi, kansa a ƙasa. Duk mun san surukuta, ba wanda ya ga laifi a tuwo da gaisuwa. Amma Kawu ya kai ta har cikin ruwa. Ya ce ba zai tsaya da ɗan kamfai a gaban mijin 'yarsa ba, ba zai bar shi ya laluba masa jiki ba, kuma abin da ya fito daga bakin suruki ba zai shiga nasa ba. Na tuna masa cewa ya riga ya shiga, har ya yi ta ba mu labari. Ya ce a lokacin yaro ne kawai, yanzu suruki ne, kuma in na sake magana zai ƙarasa mini haƙorin.

Aka ce to ya nemi wani abokin. Ya gwada mutum biyu ko uku, duk bai ga hannunsu ba. Wannan yana sauri, wancan ba ya waiwaye, ɗaya kuma ya kira shi da sunansa tsirara. Gaskiyar ita ce yaron ya lalata shi, ba wanda zai ƙara gamsar da shi. Sai ya ƙirƙiro dabara. Masu wurin ba sa barin mutum ya shiga shi kaɗai, don haka sai ya raɓi ayarin wasu, ya shiga a bayansu, da an yi ƙasa ya ware. Mutumin da ya maka baƙo da mota a kan wannan laifin, shi ne yake yi duk mako, kuma ya san mun sani.

An yi rigima a gidan nan ba kaɗan ba. Taubashiyata ta taɓa tsare shi a kan tebur, ta ce masa da Turanci wannan al'adar hauka ce, ruwa bai san suruki ba. Ya ɗauki farantinsa da miya da komai ya buga da bango. Ya ce ita ba ta san kunya ba shi ya sa take ganin ta arha, kuma ranar da ya tuɓe a gaban mijinta, ranar mijin zai fara raina ta. Inna ta ɓoye makullin mota a cikin kabad ta kulle, ya sa ƙafa ya ɓalle murfin. Baba na Gaithersburg kuwa goyon bayansa ya yi, ya ce a bar mutum da mutuncinsa, ai mun bar gida da yawa a ƙasar nan, kada mu bar wannan ma. Bayan kowace rigima sai Kawu ya gyara abin da ya fasa da hannunsa, ya sayo wa Inna kifi, ya aika wa 'yarsa da rabi. Ranar Asabar kuma ya tafi.

A kaka abin ya faru, ganye ya fara zuba, ruwa ya yi sanyi. Ya fita bayan asuba. La'asar ta yi bai dawo ba, wayarsa tana ta ringi ba a ɗauka. Da masu wurin suka zo rufewa suka ga mota ɗaya ta rage. Ayarin da ya raɓa sun daɗe da tafiya, ba su ma san da shi ba, balle su ƙirga shi. Surukinsa ne ya je, shi ya gaya wa masu ceto su duba bas ɗin, don nan Kawu ya fi so. Da safe suka same shi a can.

Akwai siririyar igiya da ake ɗaurawa daga wannan mota zuwa waccan don nuna hanya. Wata tsohuwar igiya ta tsinke tana yawo a bakin ƙofar bas ɗin. Da zai fito ta naɗe bakin tulunsa, daidai ƙeya. Ya yi ta juyi don ya gani, kowane juyi ya ƙara mata naɗi, har ta kama ƙafa ɗaya da hannu. Ya zaro wuƙarsa, an ga inda ya yanka abin da ke gabansa, har ya yanki cinyarsa ta cikin roba. Wuƙar ta suɓuce daga yatsun da sanyi ya ƙandare, an tsince ta a ƙarƙashinsa. Ya koma ja da hannu. Tulun babu ko ɗigon iska da aka fito da shi, wato yana nan da ransa da hankalinsa yana kokawa har ya shanye ta tas. Ɗaya daga cikin masu ceton ya ce da yatsa biyu ya zare naɗin da ke ƙeyar. Da na ji wannan sai na fita waje na yi ta dukan sitiyarin motata har hannuna ya kumbura.

Hukuma ta riƙe gawar don bincike, kamar yadda ake yi a nan, kafin a ba mu. A kwanakin taubashiyata ba ta koma gidanta ba. Tana ɗakin Inna, in mijinta ya shigo gaisuwa ta tashi ta rufe ƙofa. Shi kuma kullum yana nan, shi ke ɗauko kujeru, shi ke kwashe shara, shatin yatsunta bai gama bajewa a kumatunsa ba. Bai kare kansa ba ko sau ɗaya, kuma shirun ya ƙara tunzura ta.

Ranar jana'iza muka taru a masallaci, a wani lungu da ke kaiwa ɗakin wankan gawa. Mata na zaune a kan benci a gefe, Inna a tsakiyarsu da hijabin takaba. Ni zan shiga, da liman, ana neman ƙarin mutum ɗaya. Surukin Kawu ya cire takalminsa ya matso. Baba na Gaithersburg ya sa hannu ya tare ƙofa. Ya ce abin da marigayi ya ɓoye yana raye ba za a buɗe shi yana mace ba, suruki ba ya ganin jikin suruki. Yaron ya ja da baya, ya fara neman takalminsa.

Inna mace ce da ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, ko ranar da aka ɓalle mata kabad. Ta miƙe ta zo har gaban Baba.

"Alhaji, cire hannunka. Kunyar nan ta ci mini miji, ba za ta ci wa 'yata nata ba."

Sannan ta juya wajen 'yarta. Ta tambaye ta ko ta tuna lokacin da gilashin gaban motar mijinta ya tarwatse, ya ce mata tsakuwa ce daga babbar mota. To, ba tsakuwa ba ce. Ya bi Kawu ne a ɓoye har ramin, da kayansa, da niyyar ya shiga a bayansa ya riƙa kallonsa daga nesa. Kawu ya gan shi a wurin ajiye motoci, ya ciro dalma daga ɗamarar nutso ya jefe shi, ta wuce kunnensa ta sami gilashin. Ya rantse masa in ya sake bin sa, ƙafarsa ba za ta ƙara taka gidan 'yarsa ba, ko suna ko mutuwa. Kawu da kansa ya dawo ya gaya wa Inna, yana huci. Yaron kuma ya zo ya roƙe ta kada matarsa ta ji, don kada ta tsani mahaifinta.

"Kin tambaye shi ina yake," in ji Inna. "Yana inda ubanki ya ajiye shi."

Baba ya sauke hannunsa. Muka shiga.

Ba zan faɗi duk abin da na gani ba, haƙƙin mamaci ne. Zan dai ce farcensa sun ɓalle, kuma igiyar ta bar zane a wuyan hannunsa. Liman ne ke ce mini zuba nan, zuba can. Surukin kuwa bai jira a gaya masa ba. Da muka juya Kawu a kan gefensa, shi ya karɓi bayan. Ya wanke shi daga kafaɗa zuwa ƙugu, ya daɗe a ƙeyar, yana shafa wurin a hankali da tafin hannu. Da aka naɗe likkafani aka ɗaɗɗaure, liman ya ce an gama. Surukin ya ce a ɗan dakata. Ya fara daga kai, ya kama kowane ƙulli ya fizga da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya har ƙafa, yadda Kawu ke yi wa duk wanda ya shiga motarsa ko ya bi shi ruwa. Ɗaya ya ɗan saki, ya kwance shi ya sake ɗaurewa. A nan kuka ya ƙwace mini.

Har yau ina jin haushin Kawu. Mutum ne da ya san dokar fiye da kowa, ya koyar da ita da naushi, kuma ya karya ta a kan abin da ko a kabari ba za a tambaye shi ba. In kana da uba ko kawu mai shiga ruwa, kuma ya fara cewa shi ya san ruwa, ya isa shi kaɗai, ka ɓoye makulli, ka bari ya ɓalle kabad, ka sake ɓoyewa. Amma kuma shi ne ya ciro ni daga Chesapeake, kuma duk sanda harshena ya taɓa guntun haƙorin nan sai na yi masa addu'a. Allah ya yafe masa zafin ransa da taurin kansa, ya yalwata masa kabarinsa, ya ba shi numfashin da ba ya ƙarewa.

Da muka fito daga ɗakin wankan, surukin ya duba bakin ƙofa bai ga takalminsa ba. Ya duba ƙarƙashin benci, ya duba bayan ƙofa. Taubashiyata na tsaye a ƙarshen lungun, ta rungume su a ƙirji, da sauran lakar ramin a jikinsu. Ta zo ta tsuguna ta ajiye su a gabansa, ta riƙe masa har ya sa ƙafa.